Eatonville: Ƙauyen Da Hirar Bakin Kanti Ta Ceta

 

Yau tafiyarmu mai nisa ce. Za mu leƙa jihar Fulorida da ke kudu maso gabashin Amurka, mu yada zango a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Eatonville, kimanin kilomita 10 arewa da birnin Orlando. A ƙidayar shekarar 2020 mutanensa 2,349 ne kacal. Babbar hanyar da ke kwasar masu yawon buɗe ido zuwa wuraren wasan Orlando ta ratsa ta cikinsa, kuma mai mota zai iya wucewa bai ma lura ya wuce gari ba.

Abu biyu suka ja hankalinmu gare shi. Na farko, yana cikin garuruwan farko a Amurka da baƙar fata suka kafa da kansu, suka yi masa rajista, suka kuma mulki kansu a cikinsa. Na biyu, da ya cika shekara 100 aka zo za a tsaga shi da titi, abin da mutanensa suka kare kansu da shi littattafan wata 'yar garin ne, wadda tun tana ƙarama take laɓewa a bakin kanti tana sauraron hirar manya.

Yadda aka samu ƙasar

An gama yaƙin basasar Amurka a 1865, aka haramta bauta. Sai dai an 'yanta bayi ne hannu rabbana, ba gona ba fili. Da yawansu suka gangaro tsakiyar Fulorida neman aiki, domin a lokacin Turawa masu kuɗi daga arewacin ƙasar suna sayen filaye a gefen tafkuna suna dasa gonakin lemu. A kewayen Tafkin Maitland baƙar fata ne suka sare daji, suka dasa itatuwa, suka gina gidajen masu gonakin. Su kuwa a bukkoki suke kwana, a kan ƙasar da ba tasu ba.

A cikinsu akwai wani mutum mai suna Joe Clarke, wanda ya ƙudurta cewa sai sun samu garin kansu. Shi da abokan shawararsa sun daɗe suna neman wanda zai sayar musu da fili mai faɗi ba su samu ba, don masu ƙasa ba su son ganin baƙar fata sun mallaki wuri guda sun tare. Daga baya Turawa biyu 'yan arewacin ƙasar suka buɗe musu ƙofa. Ɗaya shi ne Josiah Eaton, tsohon sojan ɓangaren Arewa, wanda yake da filaye a yankin. Ɗayan kuma Lewis Lawrence, attajiri daga jihar Niyok, wanda ya sayi wani yanki daga hannun Eaton a farkon shekarun 1880 domin a yanka wa baƙar fata fuloti cikin sauƙin biya. Cocin farko na garin har yau sunan Lawrence yake amsawa. Garin kuma aka sa masa sunan Eaton.

Ranar 15 ga Agusta, 1887, mazaje 27 masu rajistar zaɓe, dukkansu baƙar fata, suka taru suka kaɗa ƙuri'ar amincewa a yi wa garin rajista a matsayin hukuma mai cin gashin kanta. Faɗinsa a ranar eka 112 ne. Suka zaɓi Columbus Boger magajin gari na farko, daga baya Joe Clarke ya hau kujerar.

Sai mun dubi zamanin za mu gane nauyin abin da suka yi. Tun 1877 gwamnatin tarayya ta janye sojojinta daga harkokin jihohin Kudu, ta bar 'yantattun bayi da tsoffin iyayen gijinsu. Shekara biyu bayan kafa Eatonville, wato a 1889, jihar Fulorida ta sa harajin da sai mutum ya biya kafin ya yi zaɓe, wanda ya zama hanyar raba talakawa, musamman baƙar fata, da ƙuri'a. A 1896 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta raba fari da baƙi a wuraren jama'a. Ana cikin rufe ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya mutum 27 ɗin suka samar da wurin da magajin gari baƙi ne, 'yan majalisa baƙaƙe ne, mai kama mai laifi ma baƙi ne. A 1889 jaridar garin, Eatonville Speaker, ta buga talla tana kiran baƙar fatar Amurka su zo su sayi fili su zauna a garin da 'yan uwansu ke mulki.

Barandar Joe Clarke

Cikin waɗanda suka amsa irin wannan kira akwai John Hurston, kafinta kuma mai wa'azin cocin Baptist, daga Notasulga ta jihar Alabama. Ya kwaso iyalinsa a farkon shekarun 1890, har da 'yarsa Zora da aka haifa ranar 7 ga Janairu, 1891. Ya gina gida mai ɗaki takwas a kan eka biyar, ya yi limancin cocin Macedonia, kuma an zaɓe shi magajin gari fiye da sau ɗaya.

Joe Clarke yana da kanti a kan babban titin garin, gidan waya ma a cikin kantin yake. Barandar wannan kanti ita ce majalisar Eatonville. Da yamma in an taso daga gonakin lemu da gidajen Turawan Maitland, maza sukan zauna a kan benci da akwatuna su buɗe hira. A nan ake tsegumi, a nan ake sasanta rigima, a nan samari ke wasa 'yan mata, a nan kuma ake gasar ba da labari: na zomo mai wayo, na bawa John da yake yi wa ubangidansa dabara, na yadda aka yi kaza ya zama kaza tun farkon duniya. Su da kansu "ƙarya" suke kiran waɗannan labarai, wanda ya fi iya shirga ta kuma shi ne gwanin ranar. Mu da muke rufe tatsuniya da jingina ƙaryar ga Gizo ba za mu yi mamakin sunan ba.

Baranda ta maza ce. Mata sukan zo sayayya su jefa magana su wuce, yara kuwa korarsu ake yi. Zora ta faɗa a tarihin rayuwarta cewa in an aike ta kantin takan ja ƙafa da gangan, ta ƙi tafiya, har sai ta ji ƙarshen labari ko an kira ta daga gida. Ba wanda ya ɗauki yarinyar nan a bakin komai a lokacin.

Mahaifiyarta Lucy ta rasu a 1904, Zora na da shekara 13. Aka tura ta makaranta a birnin Jacksonville. Ta rubuta daga baya, a wata maƙala ta 1928, cewa sai da ta bar Eatonville ta san ita baƙa ce. A gida ita Zora ce kawai, 'yar gidan Hurston. A can ne aka fara kallonta da launi. Wannan magana tata ta bayyana abin da garin ya bai wa 'ya'yansa: yaro ya tashi yana ganin irinsa a kan kowace kujera, bai koyi sunkuyar da kai ba.

Kada mu ɗauka zaman lafiyar kyauta ce. A gunduma ɗaya da Eatonville, wato gundumar Orange, akwai garin Ocoee. Ranar zaɓen Nuwamba 1920 wani baƙar fata mai rufin asiri, Mose Norman, ya je kaɗa ƙuri'a aka kore shi. Daren ranar gungun Turawa suka far wa unguwar baƙaƙe, suka ƙone gidaje da coci, suka kashe mutane, suka rataye wani mai suna July Perry. Waɗanda suka tsira suka gudu suka bar filayensu. A Janairun 1923 aka yi wa ƙauyen Rosewood irin wannan ta'asa, aka shafe shi ƙurmus. Mutanen Eatonville sun san duk wannan, kuma kullum gari ya waye sai sun fita aiki a gidaje da gonakin Turawa.

Makarantar Hungerford

Bayan coci da kanti, abu na uku da ya riƙe garin shi ne makaranta. A ƙarshen ƙarni na 19 Russell Calhoun da matarsa Mary, waɗanda suka fito daga makarantar Tuskegee ta Booker T. Washington, suka kafa makarantar kwana a Eatonville. Wani Bature mai suna Edward Hungerford ya ba da eka 160 don tunawa da ɗansa Robert, likita wanda ya rasu da zazzaɓin da ya ɗauka wajen jinyar marasa lafiya. Aka sa wa makarantar sunan likitan. Ana koyar da karatu haɗe da noma, kafinta, ɗinki da sauran sana'o'in hannu, ɗalibai kuma suna zuwa daga sassan Fulorida da wajenta, a zamanin da makarantun baƙar fata suka yi ƙaranci. Filinta ya ƙaru har ya kai kusan eka 300, wato ya fi girman garin kansa a ranar da aka kafa shi. Mu riƙe wannan fili a zuciya, za mu dawo kansa.

'Yar gari ta dawo da littafin rubutu

Zora ta sha gwagwarmaya bayan rasuwar mahaifiyarta. Ta yi aikatau, ta bi wata ƙungiyar wasan kwaikwayo a matsayin 'yar aiki, ta rage wa kanta shekara goma don ta samu shiga makarantar gwamnati kyauta. Ta yi karatu a jami'ar Howard, ta isa birnin Niyok a 1925, ta shiga kwalejin Barnard inda ita kaɗai ce baƙar fata. A can ta karanci nazarin al'adun ɗan'adam a hannun mashahurin malami Franz Boas. Shi ya tura ta Kudu a 1927 ta tattaro labarai da waƙoƙin mutanenta.

Tafiyar farko ba ta yi albarka ba, kuma ita da bakinta ta faɗi dalili. Ta je tana tambayar mutane da goggen Turancin kwaleji ko sun san wata tatsuniya, su kuma suka dube ta suka ce ba su taɓa ji ba, ta gwada gari na gaba. Mutanen da ke kwana suna shirga labari suka yi mata shiru, saboda ta zo musu da muryar baƙo. Da ta koma karo na biyu sai ta ajiye wannan harshe, ta zauna a baranda a matsayin 'yar Lucy Hurston, ta ci abin da ake ci, ta yi dariyar da ake yi. Sai labarai suka ɓarke.

Daga nan littattafai suka fito. Jonah's Gourd Vine na 1934 labarin iyayenta ne aka sauya wa kama. Mules and Men na 1935 tarin tatsuniyoyi ne da al'adu, kuma da shigarta Eatonville a mota yake buɗewa. A wannan shekara ta kawo Alan Lomax da Mary Elizabeth Barnicle garin da na'urar ɗaukar murya, suka naɗi waƙoƙin mutanensa don babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. Sai kuma littafin da ya fi shahara, Their Eyes Were Watching God, wanda ta rubuta cikin mako bakwai tana ƙasar Haiti, aka buga a 1937. A cikinsa Joe Clarke ya koma Joe Starks, magajin gari mai kanti mai gidan waya, wanda ya sayo wa garin fitilar titi ta farko.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zora ba ta yi wa garinsu kwalliya ba. Joe Starks na littafin mutum ne mai gina gari mai kuma danne matarsa Janie: ya tilasta mata ɗaure gashinta a kanti, ya hana ta sa baki a hirar baranda. Akwai mazan da ke dukan matansu, akwai hassada, akwai gulmar da ke jiran mace in ta dawo gida ita kaɗai. Kuma ta rubuta maganar mutanen da karin harshensu, yadda suke furta ta, ba ta gyara musu ita zuwa Turancin makaranta ba.

Wannan ya jawo mata suka daga 'yan uwanta marubuta baƙar fata. Richard Wright ya rubuta a 1937 cewa littafin ba shi da wani saƙo, kuma yana nuna baƙar fata a sigar da ke bai wa Turawa dariya. A ganinsa, a zamanin da ake rataye mutane, aikin marubuci shi ne fallasa zalunci. Ita kuwa tana ganin mutanenta suna da rayuwa cikakkiya wadda ba ta tsaya a kan abin da Bature ya yi musu ba, kuma wannan rayuwa ta cancanci littafi. Tarbiyyar Eatonville ce ke magana. Ita ce kuma ta kai ta ga matsayin da ya ɓata mata da mutane da yawa: a 1955 ta rubuta wasiƙa a jaridar Orlando Sentinel tana sukar hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 da ya haramta raba makarantu, tana cewa raini ne a ɗauka yaro baƙi ba zai koyi karatu ba sai ya zauna kusa da farar fata. Masu fafutikar 'yanci suka ce ta manta yadda ake tauye makarantun baƙaƙe a wuraren da ba Eatonville ba, kuma suna da hujja.

Ƙarshenta ya zo da ƙunci. Littattafanta suka ɓace daga kasuwa. A 1950 an same ta tana aikatau a Miami. Ta rasu ranar 28 ga Janairu, 1960, a gidan gajiyayyu na garin Fort Pierce, aka yi karo-karo aka binne ta a kabarin da ba alama. Masu share gidan da ta zauna suka tara takardunta suka cinna wuta. Wani ɗan sanda da ya san ta, Patrick DuVal, yana wucewa ya ga hayaƙi, ya jawo tiyon ruwa ya kashe wutar. Abin da ya tsira yana ajiye a jami'ar Fulorida, wasu takardun da ƙunar a gefensu.

Titi mai layi biyar

A 1973 marubuciya Alice Walker ta zo Eatonville tana neman labarin Zora, har ta ce wa tsofaffin garin ita 'yar ɗan'uwanta ce don su saki jiki da ita. Daga nan ta wuce Fort Pierce, ta shiga maƙabartar da ciyawa ta cinye, ta sayi dutse ta kafa a inda ta yi kirdadon kabarin yake. Maƙalar da ta buga a mujallar Ms. a 1975 ta tada sunan Zora daga barci. Aka sake buga littattafanta, makarantu da jami'o'i suka sa su a manhaja. Ɗalibai a ko'ina cikin Amurka suka san sunan Eatonville da barandar kantinta.

Garin kansa kuwa yana ta matsuwa. Orlando ta bunƙasa, musamman bayan buɗe filin wasan Disney a 1971, unguwanni da ofisoshi suka kewaye Eatonville ta ko'ina. Tun a shekarun 1960 babbar hanyar I-4 ta tsaga ta cikin garin. Sai ga shi a 1987, shekarar da garin ke bikin cika 100, hukumar gundumar Orange ta amince a faɗaɗa titin Kennedy daga layi biyu zuwa biyar, domin masu wucewa su samu sauƙi. Titin Kennedy shi ne ƙashin bayan garin, a kansa tsoffin coci suke, a kansa kantin Joe Clarke ya tsaya a da. In aka mai da shi layi biyar, garin zai zama gefen hanya kawai.

Mutanen garin ba su da kuɗi, ƙuri'unsu kuma ba su kai su girgiza gunduma ba. Suka kafa ƙungiyar kare Eatonville, wadda wata 'yar garin mai ilmin aikin ɗakin karatu, N. Y. Nathiri, ta zama jigonta. Dabararsu ita ce su nuna wa hukuma cewa titin da take kallo a taswira wuri ne da duniya ta sani. A Janairun 1990 suka shirya bikin farko na tunawa da Zora Neale Hurston, dubban mutane suka zo, kuma tun daga lokacin ake yin sa duk shekara a ƙarshen Janairu. Suka buɗe ɗan gidan adana zane-zane da sunanta a kan titin. A 1998 aka sa tsakiyar garin a rajistar wuraren tarihi ta ƙasa. Ba a faɗaɗa titin ta tsakiyar garin ba.

Tsugune ba ta ƙare ba

Da mun tsaya a nan da labarin ya yi daɗi fiye da gaskiya. Mu koma kan filin Hungerford. A 1951 kotu ta amince a miƙa makarantar da filinta ga hukumar ilmi ta gundumar Orange a kan kuɗi ƙalilan, bisa sharaɗin a ci gaba da amfani da wurin wajen ilmantar da yaran baƙar fata. Da shekaru suka ja aka sassauta sharaɗin, hukumar ta riƙa yankar filin tana sayarwa. Aka rufe makarantar a 2009, aka rushe gininta a 2020. Saura kimanin eka 100, su ma aka ƙulla cinikinsu da wani kamfanin gine-gine a kan dala miliyan 14.6, don a gina gidaje da shagunan da mazauna garin suka ce sun fi ƙarfin aljihunsu. Tsoronsu a fili yake: in sababbin masu kuɗi suka cika wurin, haraji zai tashi, ƙuri'a za ta sauya hannu, garin da mutum 27 suka kafa zai rage suna kawai. Suka yi gangami, majalisar garin ta ƙi amincewa da sauya tsarin filin, kamfanin ya janye a ƙarshen Maris 2023. Ƙungiyar kare garin ta kuma kai hukumar ilmi kotu a kan makomar filin.

Littattafan Zora sun sa 'yan jarida sun zo, sun sa mutanen da ba su taɓa taka Fulorida ba sun damu. Amma takardar filin tun 1951 ta bar hannun 'yan gari, kuma shahara ba ta mai da takarda. Joe Clarke ya san haka tun farko, shi ya sa ya fara da sayen ƙasa kafin komai. Garin ya rayu ne da aikin mutanen nan biyu, mai kantin da yarinyar da ake kora daga barandarsa.

Kantin Joe Clarke babu shi yanzu. Mutanen da suka zauna a barandarsa duk sun rasu, galibinsu leburori ne da ba su bar wata takarda ba. Muna jin muryarsu a yau ne saboda mutum ɗaya ta ɗauki hirarsu da muhimmanci, ta kuma rubuta ta da bakinsu, har da abin da ba su so a faɗa ba. Kowannenmu ya san wata baranda irin wannan, ko dakalin ƙofar gida ne, ko teburin mai shayi, ko tsakar gida bayan sallar isha'i, kuma tsofaffin da ke riƙe da hirar suna raguwa.